Kafin Ki Rubuta Takardar Ajiye Aiki

An ba ni minti kaɗan kafin a fara zubi, kuma zan yi magana ne a kan abin da ya faru da ni kaina, domin na san a cikinmu akwai masu aikin albashi: masu shara a asibiti, masu aiki a makarantun kuɗi, masu ɗaurin kaya a kamfani. Wadda ba ta aikin albashi ma tana da 'ya ko ƙanwa da ke yi.

Shekara shida na yi a wani kamfani a Sharaɗa, a sashen ɗaurin kaya. Ban taɓa samun matsala da kowa ba sai da cikina na uku ya fito. Nan da nan aka mayar da ni wurin ɗaukar buhuna. Idan na makara da minti biyar, takardar tuhuma. Albashin kowa ya fito, nawa a ce ana dubawa. Da na kai wata biyu a haka, manaja ya kira ni ofis, ya yi mini magana mai daɗi. Ya ce, "Malama, kin ga jikinki ya yi nauyi. Gara ki rubuta da hannunki ki tafi da mutuncinki, da a ce an kore ki." Har biro ya miƙo mini. Ni kuma na ji kalmar mutunci, na rubuta layi uku, na sa hannu. Wallahi har godiya na yi masa.

Sai daga baya na gane abin da na zubar da layi ukun nan, kuma lokacin ina da rancen ƙungiya a kaina.

Ku ji yadda lissafin yake. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, sashe na 11, ta ce wanda zai kawo ƙarshen aiki sai ya ba da sanarwa. Idan aikin bai wuce wata 3 ba, kwana ɗaya. Daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 2, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Shekara 5 zuwa sama, wata guda. Idan ba su ba da sanarwar ba, sai su biya kuɗin kwanakin a madadinta. Wannan shi ne mafi ƙaranci. Idan takardar ɗaukarki ta ba ki fiye da haka, ita za a bi. To ni da shekara shida, da su suka sallame ni, albashin wata guda ne a kansu. Da na rubuta da kaina, na sauke musu wannan nauyin. Kuma ku lura, dokar ta hau kan ɓangarorin biyu. Wadda ta yi fushi ta yar da aiki ta fita ba sanarwa, ana iya juyowa a ce ita ce ma ake bi bashi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne sashe na 54, na haihuwa. Mace tana da damar barin aiki mako 6 kafin haihuwa idan ta kawo takardar likita, kuma ba a yarda a sa ta aiki ba a mako 6 na bayan haihuwa. Idan ta yi wata 6 tana aiki a wurin, aƙalla rabin albashinta za a biya ta a waɗannan makonni 12. Ba a yarda a ba ta takardar kora tana wannan hutun ba. Idan ta dawo tana shayarwa, tana da rabin awa sau biyu a rana. Kun ga dalilin biron nan ke nan. Manajan ya san dokar sarai, ni ce ban sani ba.

Haka kuma idan kamfani ne ke rage ma'aikata, sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiyar ma'aikata ko wakilansu, a fara da waɗanda suka zo daga baya tare da duba ƙwazo da iya aiki, a kuma tattauna kuɗin sallama. Shi ya sa wani lokaci za ki ga an matsa wa mutum goma lamba lokaci guda. Kowa ya gaji ya tafi da ƙafarsa, babu wanda aka biya ko sisi.

Wata za ta ce, to ni na riga na rubuta, shi ke nan? Ba lallai ba. Akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'o'in aiki, kuma tana da reshe a nan Kano da kuma Kaduna. Kotun tana karɓar cewa idan mai aiki ne ya ƙuntata wa ma'aikaci har zama ya gagara, to ajiye aikin nan kora ce a fakaice. Amma fa ba zan ruɗe ku ba. Shari'a tana cin lokaci, tana cin kuɗin mota, kuma alƙali hujja yake nema, ba hawaye ba. Ni ban je ba, don ban ajiye komai ba. Takardun tuhumar ma yaga su nake yi don baƙin ciki.

Don haka idan kika fara ganin alamu, ki fara tara shaida tun ranar. Ki sami ƙaramin littafi irin na zubinmu, ki riƙa rubuta kwanan wata, me aka ce, wa ya ce, wa ke wurin. Wadda ba ta rubutun boko ta yi da ajami, ko ɗanta ya rubuta mata da dare. Kada ki goge saƙon waya ko na WhatsApp, har da saƙon banki na shigar albashi, domin shi ke nuna tun yaushe kike aiki da nawa ake biyanki. Idan an ba ki takardar tuhuma ki amsa a rubuce, cikin ladabi, ki ɗauki hotonta kafin ki miƙa. Sashe na 7 ya wajabta a ba ki takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3 da fara aiki. Da yawanmu ba mu da ita. Ki nema tun ana dariya da ke.

Idan kuwa aka kira ki ofis aka miƙo takarda, ba sai kin yi faɗa ba. Ki ce, "Ranka ya daɗe, ba ni da niyyar barin aiki. Idan ku ne za ku sallame ni, a ba ni a rubuce. Wannan kuma zan kai gida a karanta mini." Kada ki sa hannu a farar takarda, ko wadda aka ce ta karɓar kuɗi ce alhali ba ki karanta ba. Ki ci gaba da zuwa aiki a kan lokaci, don fashin kwana biyu shi ne ƙofar da suke jira.

Wuraren kai kuka kafin kotu suna nan: ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiha, Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA. Idan akwai ƙungiyar ma'aikata a wurinku, ki fara da wakilinta. Wadda ake cire wa fansho kuma ta sani kuɗin nata ne ko yaya aka rabu, kuma a dokar fansho ta 2014, idan ta yi wata 4 ba aiki tana iya neman kashi 25 cikin ɗari na abin da ta tara.

Saura abin da ya shafe mu a tabarmar nan. Abin da ya sa na sa hannu da wuri, ban da wadda zan gaya wa, kuma albashin da aka riƙe ya sa na fara fashin zubi ina jin kunya. Ina roƙon shugaba a kawo shawara a zama mai zuwa: mamba da aka riƙe wa albashi ta samu sassaucin biyan rance na wata ɗaya, kuma asusun taimako ya ɗauki kuɗin motar mutum biyu da za su raka ta ofishin ƙwadago. Duk mai takardar ɗaukar aiki ta zo da ita ranar Laraba mu karanta tare. Ma'aji, a buɗe akwati.