Kafin a sayar da saniyar gida don masta ta shugabanci

 

Da yawa cikinku kun gama lisansi, wasu a Abdou Moumouni ta Yamai, wasu a Maraɗi, Damagaram ko Tawa, kuma tallan masta ta shugabancin ƙungiyoyi da ma'aikatu ya cika muku Facebook: saurayi cikin kwat, ya harɗe hannuwa, yana murmushi. To, shekara biyu ce fa, zango huɗu, kuma a gidaje da yawa sai an sayar da saniya ko an taɓa rumbu kafin a biya.

Ku fara da takarda. Makarantar tana da izinin ma'aikatar ilimi mai zurfi? Sannan ga CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968, mai cibiya a Wagadugu, wadda ke tantance diflomomi. Abin da mutane ba su lura da shi ba: CAMES difloma-difloma take tantancewa, ba makaranta sukutum ba. Ana iya amincewa da diflomar lissafin kuɗi ta wata makaranta, ta shugabanci kuwa ba a ko duba ta ba, amma tambari na nan ɓaro-ɓaro a allon ƙofa. Ku ce a nuna muku sunan taku diflomar a rubuce.

Amma inda na fi so mu tsaya shi ne jadawalin darussa. Shugaban ƙungiya, me yake yi daga Litinin zuwa Juma'a? Ba jawabi yake wuni yi ba. Kasafin kuɗi yake tsarawa, yana rubuta rahoto ga masu ba da tallafi, yana duba kwangilar ma'aikata da kuɗinsu na CNSS, yana sasanta mai ajiyar kuɗi da direba da suka saɓa kan man fetur. Ƙungiyoyi nawa muka gani sun watse, ba don rashin mai iya magana ba, don an rasa wanda zai haɗa rasiɗai? Mai baki ai muna da shi a kowace fada.

Ga gwaji mai sauƙi. A ƙarshen 2022, a Yamai, ƙasashen OHADA suka amince da tsarin lissafi na ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, SYCEBNL, ya fara aiki ranar 1 ga Janairun 2024. Ku tambayi daraktan karatu ko ana koyar da shi, awa nawa, wane malami. In ya shiga kame-kame, kun sami amsarku. Ni a ganina, masta mai darasi biyar kan "halayen jagora" babu ko ɗaya kan kasafi, wa'azi ne mai tsada.

Mai son koyarwa ko digirin dakta ya nemi masta ta bincike. Mai son aiki ya nemi ta sana'a, ya kuma tambaya ko makaranta ce ke samo wurin sitaj, ko kuwa takarda za a miƙa masa ya bi ofisoshi da ƙafa.

Sannan ku roƙi a haɗa ku da ɗalibai uku da suka gama bara. Ku tambaye su ko malamai na zuwa aji, wata nawa suka jira kafin su kare kundinsu, kuma ko diflomar ta shigo hannunsu ko har yanzu takardar shaida suke yawo da ita.