Ladabi Daban, Raunin Harshe Daban

Jawabin da ɗaya daga cikin dattawan ƙungiya, tsohon hedimasta, ya gabatar a taron shekara-shekara



Da kwamitin shirya taro ya aiko mana da takarda, mun zaci za a ce mu taɓo batun rufin firamare ko rijiyar burtsatse, kamar yadda aka saba. Sai aka ce mu zaɓi abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. To, abin da ya daɗe yana damunmu shi ne wannan: 'ya'yanmu suna da takardu, suna da riƙon amana, amma sau da yawa sai a ɗaga wanda bai kai su sanin aiki ba a ɗora musu. Mukan ce rashin uwa a gindin murhu ne. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa bakinsu ne ya kayar da su.

Bari mu fara da laifin da muka yi tarayya a cikinsa. A wata makaranta da muka shugabanta, wani matashin malami ya same mu a ofis da farkon damina, ya durƙusa, ya gaishe mu, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a gafarce ni, ni dai ba magini ba ne, amma ina ga kamar bangon ajinmu zai so a ɗan duba shi, in an sami hali." Muka ce to, muka ci gaba da cika rajista. Bayan kwana huɗu, daren Asabar, aka yi ruwa da iska, bangon ya zube a kan bencinan da yara ke zama. Da Litinin ce da hantsi, da yau wani labarin muke ba ku. Da muka tsananta tambaya, ashe malamin ya ga tsagar da hannu ke shiga, har ya janye yara daga wannan gefen. Ya san bangon zai faɗi. Amma kafin maganar ta iso kunnenmu ya naɗe ta cikin "ina ga", da "kamar", da "ɗan", da "in an sami hali", har ba ta da sauran nauyi.

Kada a ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A watan Janairu na 1990 wani jirgin saman kamfanin Avianca ya taso daga ƙasar Kolombiya zuwa New York ta Amurka. Saboda rashin kyan yanayi aka sa shi shawagi fiye da awa guda, mai ya yi ƙasa ƙwarai. Mataimakin direban ya shaida wa masu ba da hannu a ƙasa cewa mai yana ƙare musu, ya nemi a gabatar da su, amma bai furta kalmar da aka tanada don halin gaggawa ba, wadda da ita ce za a share masa hanya nan take. Injuna suka mutu, jirgin ya faɗi, mutum 73 daga cikin 158 suka rasu. Masu bincike sun lissafa rashin bayyana halin da ake ciki ƙarara cikin manyan dalilan hatsarin.

Mun san inda wannan ɗabi'a ta samo tushe a wajenmu. Wani Bature da ya yi aikin mulki a Arewa, Kirk-Greene, ya fitar da ɗan littafi a 1974 a kan mutumin kirki a idon Bahaushe, ya lissafa kunya da ladabi da haƙuri cikin siffofinsa. Ba mu musa ba. Sai dai a cikin jerin nan akwai gaskiya, akwai amana. Wanda aka ba ajiyar aji, ko ɗakin magani, ko asusun ma'aikata, ya ga ɓarna tana tafe, ya rufe ta da lallausan lafazi don kada ya ɓata wa babba rai, ya cika ladabi ya tauye amana. Mu ma malamai da iyaye muna da kaso. Mun tsawata wa yaro don ya dube mu ido da ido, mun ce masa mai bakin tsiya don ya yi tambaya, yau kuma muna mamakin ya zauna gaban masu intabiyu yana kallon takalminsa.

Sai kalmar "wai", da 'yan'uwanta "an ce" da "an yi". Hausa ta ba mu hanyar yin magana ba tare da ambaton mai aikin ba, kuma a gida tana da amfani, da ita ake sasanta 'yan'uwa ba a kunyata kowa ba. A ofis kuwa guba ce. Akawu ya shigo ya ce, "Wai an ce fayil ɗin ba a gan shi ba." Wa ya ce? Wa ya nema? A ina? Mai "wai" yana shaida wa shugabansa cewa shi ɗan aike ne kawai, kada a kama shi da komai. Wanda kuwa ba a iya kama shi da komai, ba a iya danƙa masa komai. Abin takaici, har aikin da suka yi da guminsu 'ya'yanmu kan ce "an gama", sai wani can ya miƙe a taro ya ce shi ya gama, a rubuta sunansa. Faɗin "na duba lissafin jiya, na sami giɓin naira dubu 40 a shafi na uku" ba alfahari ba ne, rahoto ne.

Mafi tsadar su duka, a ganinmu, ita ce "to" da "ba komai". Shugaba ya ce a kawo rahoto ranar Alhamis. Ma'aikaci ya san ko zai kwana a ofis ba zai gama ba, amma kunya ta hana shi faɗi, ya ce, "To, yallaɓai, ba komai." Alhamis ta zo, sai kame-kame, sai kashe waya. Da ya ce tun farko, "Yallaɓai, Alhamis ba za ta yiwu ba, domin alƙaluman rassa ba su iso ba, amma Litinin da safe zai kasance a teburinka," da fuska za ta ɗan ɗaure na minti biyu, shi ke nan. Yanzu kuwa ya zama mutumin da "to" ɗinsa ba ta da daraja. Kuma a yi mana afuwa mu faɗa: har "in sha Allah", kalma mai girma, wasunmu sun mayar da ita ƙofar gudu, har abokan aikinmu na wasu sassan ƙasar nan in sun ji ta sai su sake tambaya, za a yi ko ba za a yi ba?

Akwai ƙananan da ba za mu daɗe a kansu ba: "ka gane ko?" a ƙarshen kowace jimla, kamar mai roƙon a yarda da shi, rantsuwa a kan abin da bai kai a rantse ba, dariyar da ke biyo bayan magana mai muhimmanci ta rushe ta, da jibgo manyan kalmomin Turanci don a rufe rashin shiri. 'Yan'uwanmu mata, ku nauyin ya fi yawa a kanku, domin an hore ku da sassauta murya tun kuna ƙanana. Amma nas ɗin da ta ga an rubuta wa yaro maganin da ya fi ƙarfinsa, dole likita ya ji ta sarai.

Wani zai ce muna koya wa yara fitsara. A'a. Ku dubi marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga Kwalejin Katsina a 1933, ya yi malanta har ya zama hedimastan Midil ta Bauchi. Ba a san shi da ɗaga murya ko cin mutunci ba. Amma a 1950 ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna, a gaban Turawan mulki da manyan ma'aikatan En'e, ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin mulkin En'e gyara, ya faɗi aibobinsa a fili, a zamanin da faɗin haka kan iya raba mutum da abincinsa. Bai bar girmama manya ba, bai kuma cinye rabin maganarsa ba. A kwalejin horon malamai da muka shiga zamanin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, abin da masu duba mu ke fara lura da shi a lokacin gwajin koyarwa ke nan: shin yaron da ke bencin ƙarshe yana jin ka? Ka gama jimlar da ka fara? In ba ka san amsa ba, ka iya cewa "ban sani ba, zan bincika in kawo gobe", kuma goben ka kawo?

Ku manyan ma'aikata da ke zaune a sahun gaba, darektoci da manajoji, rabin gyaran yana hannunku. In ƙaramin ma'aikaci ya kawo muku labari marar daɗi kuka daka masa tsawa, gobe sai ya naɗe shi cikin "ina ga kamar". Mu tun daga faɗuwar bangon nan muka ɗauki al'ada, duk malamin da ya fara kewaye-kewaye sai mu ajiye biro mu ce, "Malam, zauna a kujera. Mene ne ya faru, kuma me kake so a yi?"

Muna roƙon shugabannin rassa su ware yammaci guda a kowane wata uku, a tara 'ya'yanmu da suka gama bautar ƙasa suna neman aiki, manyanmu uku su zauna su yi musu intabiyun gwaji, a ɗauki muryarsu a waya su saurari kansu. Ba ya buƙatar ko kwabo daga asusun ƙungiya, sai kujeru da ruwan sha. Mu da sauran tsofaffin malamai mun ba sakatare sunayenmu, duk reshen da ya shirya ya aiko, za mu zo.