Jawabi A Kan Masu Duba Makarantu

Wannan jawabi wani tsohon malamin makaranta ya yi shi ga taron jam'iyyarmu a Boɗinga, bayan sallar La'asar. Mun rubuta shi yadda ya faɗa, domin waɗanda ba su samu zuwa ba.

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ina gaida uban ƙasa, Allah shi ja zamaninsa. Ina gaida malamanmu, Allah shi gafarta musu, da dattawa, da 'yan'uwa da sunka taso daga Sifawa da Dingyaɗi da Shagari da Dandin Mahe, da iyayenmu mata da ke saurare daga bayan zana.

Abin da ya tara mu kun ji shi. Jam'iyya ta yi niyyar rubuta takarda zuwa ga ofishin ilmi, ta roƙa a gyara yadda a ke duba makarantun firamare na ƙasarmu, kuma kada a gyara sai an tambayi iyayen yara. Anka ce ni in fara magana, don na yi shekaru ina karantarwa, daga baya kuma na yi shekaru cikin masu dubawa. To, zan fara da laifin kaina, don kada wani shi riga ni.

Sa'ad da ina sabon malami a wani ƙauye, ba ni faɗin sunansa, sai takarda ta zo ran Litinin, wai mai duba makarantu shina zuwa ran Alhamis. Sunayen da ke cikin rajista suna da yawa, amma masu zuwa kullum ba su kai rabi ba, don damina ce, yara maza suna gona, 'yan mata suna talla. Hedimasta ya tafi wurin mai gari ya yi kuka, anka ba mu aron yara gida-gida. Anka share fili, anka jera duwatsu anka shafa musu farar ƙasa, anka ɗauko benci daga ɗakin shan magani. Ni kuwa na kwana biyu ga fitila ina rubuta shirin darussan da ban taɓa koyarwa ba, ina sa musu kwanan wata na baya. Yara biyar masu ƙoƙari munka zaunar gaba. Baƙo ya iso da hantsi, ya duba rajista, ya duba littafina, ya tambayi na gaba sunka amsa masa. Ya ci kaza, anka ɗaura masa wata cikin kwando bayan babur, ya rubuta cikin littafin baƙi cewa aiki shina tafiya daidai, kafin azahar ya tafi. Wanshekare yaran aro sunka koma gona, benci ya koma wurin masu shi.

Cikin yaran da sunka fita aji 6 a shekarar nan akwai wanda har yau, in takarda ta zo masa, ni shi ke kawo wa in karanta. Shina da jikoki yanzu. Duk ran da ya yi mini sallama da takarda a hannu, sai in rasa inda zan sa idona.

Da na zama mai dubawa na ce ni ba za a yi mini haka ba. Ashe ban san dawan garin ba. Makarantu da yawa a wuyana, wasu sai an bar kwalta an shiga rairayi, kuɗin mai kuwa in ya zo wata guda sai a yi uku bai zo ba. Hedimasta shi zuba maka mai, shi ba ka abinci, sa'an nan ka ɗauki alƙalami ka ce za ka rubuta laifinsa? In baki ya ci, ido kan ji kunya. Na sa hannu ga takardun da ban kamata in sa ba, Allah shi yafe mini. Wannan shi a ke kira kitso da ƙwarƙwata, mu duka kuwa muna cikin masu kitson.

Ku sani, ya jama'a, duba mai karantarwa ba baƙon abu ba ne da Nasara ya kawo mana. Ga Sifawa nan kusa, inda Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna tun wajen 1810 har ya koma Sakkwato a 1815, shina karantarwa shina wallafa. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa nan Boɗinga ya zauna a zamanin nan. A 1812 ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa da littattafan da ya karanta wurin ko wane. Ku duba wannan. Mutum kamar Abdullahi, da ilminsa duka, ya ga ya kamata shi bayyana wa jama'a inda ya samo shi, don a iya bin sawu. Tun kafin su da nisa, Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta Adabul Mu'allimina a kan abin da ya wajaba ga mai koyar da yara: kada shi bar su shi tafi sha'aninsa, kada shi maishe su 'yan aikensa, kada shi fifita ɗan mai dukiya bisa ɗan talaka, har duka ma ya yi masa iyaka. Littattafan hisba kuma sun sa duba malaman yara cikin aikin muhtasibi, tare da duba mudu da ma'auni a kasuwa. Ina tambayarku, wane mai duba mudu ne za shi aika wa mai awo cewa jibi ina zuwa, ka gyara mudunka?

Ku bar littattafai ma, ku dubi makarantar allo da ke ƙofar gidajenku. Yaro ba shi wanke allo sai ya biya wa malam. Da dare uba shina zaune shina jin ɗansa na tilawa, ko shi uban bai yi nisa ba ya san ko yaro ya wuce inda shi ke bara. Ranar sauka kuwa gaban jama'a yaro shi ke karantawa, in malam ya yi ha'inci a nan za a gane. Watau awon makarantar allo shi ne bakin yaro. Da boko ya zo sai awo ya koma cikin takardun da uba bai iya karantawa ba, da Turancin da ba shi ji, anka bar shi waje shina kallon gini da tuta.

Amma fa boko ma ba haka ya fara ba. Ku mutanen Shagari kun fi ni sanin wannan. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda anka haifa a 1925, a Yabo ya yi elementare, ya yi Midil a Sakkwato, ya yi kwaleji a Kaduna, ya karantar a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. Cikin shekarun 1950 aikinsa shi ne kewaya makarantun lardin Sakkwato shina duba malamai, lardin kuwa a sa'an nan ya haɗa har da Gwandu da Argungu da Gusau. Wanda a kan ba wannan aiki a zamanin En'e gwanin malami ne, shi zauna bayan aji shi ga yadda ka ke yi, in ka kuskure shi karɓi alli shi nuna maka. Mutumin da ya yi wannan aiki shi ne ya zama shugaban Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Ku ga irin mutanen da a kan aika ƙauye su saurari karatun yara.

Yau hukumomi ba su yi mana kaɗan ba. Gwamnatin tarayya ta kafa nata ofishin masu duba makarantu tun 1973. A nan Sakkwato Shugaba Obasanjo ya buɗe shirin ilmin bai-ɗaya na UBE a 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta ce shekara 9 na farko kyauta ne, tilas ne kuma. Akwai hukumar SUBEB a jiha, akwai sakataren ilmi a ko wace ƙaramar hukuma, akwai kwamitin iyaye da dattawa da anka ce ko wace makaranta ta kafa. A 2015 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa dokar ta-ɓaci a kan ilmi, anka kafa kwamitin shawara ƙarƙashin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Ba ni raina ko ɗaya. Amma ina so wanda ya taɓa jin an karanta masa abin da mai dubawa ya rubuta a kan makarantar ɗansa shi ɗaga hannu. To, kun gani, ko hannu guda babu.

Zan ba ku labarin Ingila, tun da su sunka kawo mana wannan tsari, kuma sun riga mu faɗa wa ramukansa. A 1862 sunka yi doka cewa kuɗin da gwamnati za ta ba makaranta sai gwargwadon yaran da sunka ci jarrabawar mai dubawa a karatu da rubutu da lissafi. Sai malamai sunka koma cusa wa yara hadda irin ta aku domin ranar guda, kamar yadda munka yi da yaranmu biyar. Kafin 1900 anka watsar da dokar. A 1992 sunka kafa hukuma mai suna Ofsted, daga baya ta riƙa yanke wa ko wace makaranta hukunci da daraja ɗaya cikin huɗu, a buga kowa shi gani. A farkon 2023 wata shugabar makarantar firamare a garin Reading, Ruth Perry, ta kashe kanta bayan an sauko da makarantarta daga darajar sama zuwa ta ƙasa, Allah shi kiyashe mu. Mai binciken mutuwa ta ce yadda anka yi dubawar shina cikin abin da ya jawo. Sai ƙasa ta ɗauka. A 2024 hukumar ta fita tambayar iyaye da malamai da yara kansu, gwamnati ta soke hukuncin nan na kalma guda, a 2025 kuma anka sake neman ra'ayin jama'a a kan sabon tsari, inda a ke auna ko wane fanni na makaranta daban. Ƙungiyoyin malamansu ba su gamsu ba, suna ta gardama. Abu biyu na ɗauka daga wurinsu. Can uba shina iya karanta abin da anka rubuta a kan makarantar ɗansa, mu ba mu iyawa. Na biyu, in anka mai da dubawa bulala, sai malami shi koyi ɓoyo, ko shi karye.

Saboda haka ga abin da ni ke so a sa cikin takarda, ku kuma ku ƙara ku rage. Mai dubawa shi zo ba sanarwa. In ya zo kada shi fara da ofishin hedimasta, shi shiga aji shi ɗauki yaro da hannunsa, daga baya, daga gefe, mace da namiji, shi ba shi layi uku na Hausa shi karanta, shi ba shi lissafin kuɗin kasuwa shi yi. Wannan ba shi cin sa'a guda, kuma ba a iya aronsa daga ɗakin shan magani. Mansa da abincinsa su fito daga ofis, kada ko ruwan sha shi zama na hedimasta.

Kafin shi tafi shi zauna da iyaye a zauren mai gari, don mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. Shi baƙo yini guda shi ke gani. Mai shago da ke bakin makaranta ya san malamin da ba shi isowa sai ƙarfe goma, ya san wanda ba a gani sai ƙarshen wata. Mata kuma sun fi mu sani, su ke tashin yara da safe, su ke ganinsu sun komo tun rana ba ta yi zafi ba. Kada a ce ba a iya kaiwa gare su. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji da malfa suna kai karatu ga matan ƙauyuka, ba mota ba waya. A aiko mace ta shiga gidaje ta ji. Sa'an nan abin da mai dubawa ya gani a rubuta shi da Hausa, da ajami da boko, a karanta bayan sallar Jumma'a, a fassara wa Fulani da Fulfulde, a liƙa shi ga ƙofar makaranta. In ya komo a fara da karanta na baya, a ga abin da anka gyara.

Na ga malamai matasa can baya sun ɓata fuska. 'Ya'yana, ban manta da ku ba. Na san makarantar da malami guda ke riƙe da aji uku, iska ta yaye kwano, alli da kuɗinsa shi ke saye. Irin wannan in anka ce yaransa ba su iya karatu ba, laifin wa? Don haka takardar mai dubawa ta zama mai fuska biyu: ta faɗi abin da malami ya gaza, ta faɗi abin da ofis ya gaza, da ranar da anka roƙa, da ranar da anka yi alkawari. Mu iyaye ma a rubuta namu, don wanda ya ɗauke ɗansa daga shuka har girbi ba shi da bakin zagin malami. Wanda anka samu da rauni a koya masa tukuna, kamar yadda malaman kewaya na da ke yi. Wanda ba shi zuwa aiki sam, shina karɓar albashi don shina da uban gida a Sakkwato, wannan a faɗi sunansa.

Saura magana ɗaya, ita ce na fi jin tsoro. Na halarci tarurrukan neman shawara da yawa. Manya su zo da motoci, a yi addu'a, a yi jawabi da Turanci, a ce ko akwai mai magana, sai kowa shi dubi uban ƙasa, uban ƙasa shi ce madalla, mu ce madalla, a raba lemo a watse, a rubuta wai an tambayi jama'a. Ranka shi daɗe, ka gafarce ni, na san kai ma ba haka ka ke so ba. Allah ya saukar da sura guda mai sunan shawara, ba kuwa don a taru a yi shiru ba. In ranar ta zo kada ka tashi ka ce ilmi ya lalace, kowa ya san wannan, ba shi kama kowa. Ka ce ɗana wane shina aji 5, daren jiya na ba shi takardar asibiti bai iya karantawa ba. Ki ce 'yata ta komo gida kafin ƙarfe goma sha ɗaya sau uku cikin makon nan. Irin wannan magana ita a ke rasa yadda za a yi da ita sai a amsa.

Magatakardan jam'iyya shina zaure da takarda da alƙalami daga yau har kwana bakwai. Wanda bai iya rubutu ba shi faɗa a rubuta masa, wanda ba shi son a sa sunansa ba za a sa ba. Mata su faɗa wa malamar Islamiyya ta kawo. Kafin ku zo, ko wane uba shi kira ɗansa yau da dare, shi miƙa masa ko wace takarda da ke gidan, shi ce karanta mini. Haza wassalam.