Wayar da Kaurinta Bai Wuce 'Yan Atam Ba



Wanda ya taɓa kora shanu ta burtali zai riga kowa gane maganata ta yau. A fili, saniya na kauce wa 'yar'uwarta ta wuce. A burtali mai ƙunci kuwa, in ta gaba ta tsaya, garken duka ya tsaya. Haka ilaktaron yake idan aka matse shi a hanya guda tak, ba dama ba hagu. Tomonaga a 1950, sannan Luttinger a 1963, sun nuna da lissafi cewa a irin wannan matsi ilaktaron ba ya tafiya shi kaɗai, sai dai a motsa gaba ɗaya, har cajinsa da juyinsa na maganaɗisu su rabu, kowanne da nasa saurin.

To ina za a samu burtalin? Idan aka yayyafa atam ɗin indiyom kan silikon mai tsabta, sai su jera kansu layi-layi. A zafin ɗaki suna ɗaukar lantarki. A 1999 Han Woong Yeom da abokan aikinsa suka sanyaya su zuwa wajen kelbin 120, wato kusan digiri 150 ƙasa da daskarewar ruwa, sai atam ɗin suka gusa, tsarin ya ninka tsawonsa, wayar ta daina ɗaukar lantarki. Rudolf Peierls ya hango irin wannan rauni na ƙarfe mai hanya ɗaya a littafinsa na 1955. Ni har yau abin yana ba ni mamaki.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na zinariya kan jamaniyom. A hoton na'urar da ke lalube saman abu da tsinin allura, za ka ga layuka miƙaƙƙu kamar kunyoyin da aka yi da garma, tazararsu nanomita 1.6. A 2011 masana a Würzburg ta Jamus suka ce sun ga alamun waccan tafiya ta gaba ɗaya, wadda ake kira ruwan Luttinger, a cikinsu. Aka yi murna. A 2016 wasu a Amsterdam suka auna yadda ilaktaron ke fitowa idan an haska shi, suka samu yana ratsawa daga layi zuwa layi. Ashe gonar ce ake tafiya a cikinta, ba kunya ɗaya ba.

Ina so ɗalibai su riƙe wannan. Wayar nan ba a iska take rataye ba. Kwance take kan jamaniyom, kuma ta nan ne maƙwabta ke haɗuwa, kamar yadda ruwan ban-ruwa ke tsatsafowa ta ƙarƙashin kunya. Don haka in aka kawo muku hoton siririyar waya, ku nemi ganin awon ƙarfin ilaktaron a gicciye, ba a tsawonta kawai ba. In ya canja a gicciye, akwai hanya ta biyu.