Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Haɗa Sola, Abakpa

 Muna jinjina wa masu koyarwa, waɗanda suka horar da yaran nan kan ɗora faifan sola, haɗa batir da inbata, da jan waya cikin tsari.

Ƙidayar 1963 ta nuna 'yan Nijeriya sun kai miliyan 55, ta 2006 ta nuna miliyan 140, yau mun haura miliyan 200. Amma madatsar Shiroro da ke kan kogin Kaduna, megawat 600 take da shi tun 1990, kuma ruwanta ba ya ƙaruwa don an yi haihuwa, da rani ma ja baya yake yi. A watan Oktoba na 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu: mai walda ya kulle shago, ƙanƙara ta gagara saye, mai niƙa ya koma kan dizal. Shi kuwa fetur haƙo shi ake yi, wanda aka ƙona ya tafi ke nan. Dajin da ke ba mu gawayi kullum ƙara nisa yake.

Wani zai ce haihuwa arziki ce. Haka ne, ban zo ƙidaya wa kowa 'ya'yansa ba. Sai dai duk jaririn da aka raɗa wa suna yau, gobe zai nemi fitilar karatu da injin sana'a, tanadinsa kuwa a wuyanmu yake. Wani zai ce bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano yana tafe. Allah Ya kawo shi lafiya, amma gas ma yana da ranar ƙarewa. Rana ce kaɗai ke fitowa kowace safiya ba tare da an haƙo ta ba.

Nan ne maganar take. Takardar shaida ba ta ɗaure waya. Yaron da ba shi da tsani, ba mita, ba jarin sayen faifai ko ɗaya, zai koma zaman majalisa, kuɗin horonsa ya bi ruwa. Sola na da tsada, shi ya sa muke neman bashi marar ruwa da akwatin kayan aiki ga kowane ɗalibi. Wakilan gwamnati, a sa wannan cikin kasafin baɗi. Attajiranmu kuma, in za ku sa sola a gida ko masallaci ko coci, ku kira yaran nan tukuna.

Allah Ya yi musu albarka.