Wa Ke Duba Mai Duba Haƙƙin Yaranmu?

 

Jama'a, kowa a zauren nan ya san yarinyar da aka ɗauko daga gida da sunan riƙo, ta ƙare a aikatau, ko yaron da aka kwashe a bakin kasuwa aka kulle tare da manya. Doka ta hana. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta yi tata dokar a 2003, jihar Legas ta bi sahu a 2007. To, in an taka dokar, ɗaya daga cikin wuraren kai kuka shi ne Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Tambayata ita ce, wa ke duba ita hukumar?

An kafa ta a 1995, zamanin Janar Abacha, kuma wuƙa da nama suna hannun gwamnati. Kun ga illar haka a 2006, lokacin da aka cire sakatarenta, Bukhari Bello, bayan ya soki yadda jami'an tsaro ke kama 'yan jarida. Har darajar hukumar aka rage a idon duniya a 2007. Wanda ake iya kora da takarda ɗaya, yaya zai tsaya wa ɗan talaka?

Shi ya sa aka gyara dokar a 2010, Shugaba Jonathan ya sa hannu a 2011. Yanzu shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin hukumar, amma sai Majalisar Dattawa ta amince, haka ma wajen cirewa. Kuɗinta daga asusun gwamnatin tarayya yake fitowa kai tsaye, kuma wajibi ne ta kai rahoto gaban majalisa duk shekara.

A takarda, madalla. Amma daga ƙarshen 2015 har 2021 hukumar ta zauna babu majalisar gudanarwa, wato masu yanke hukunci a kan ƙorafi. Shekara biyar da ɗoriya! Yaron da aka zalunta yana da shekara goma sha uku, kafin a naɗa su ya wuce shekarun da doka ke kiran sa yaro. 'Yan majalisa kuwa suna nan, suna zaman kasafin kuɗi kowace shekara.

Mu a nan muke jefa ƙuri'a, ba a Kano ko Sakkwato ba. Sanatan wannan yanki namu ne, ko da ba ya jin Hausa. Saboda haka ina ba ƙungiya shawara, in ya zo gaisuwar Sallah ko neman ƙuri'a, ban da maganar rumfunan kasuwa, a tambaye shi: rahoton hukumar na bara, ya karanta? Ƙorafin yara nawa ya shigo daga jiharmu, nawa aka warware? A ba shi a rubuce, sakatare ya ajiye kwafi.