Ƙaramin Kan Jirgin Ƙasa Mai Aiki Da Tururi: Yadda Na Ƙera Shi Da Hannu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1971 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Shugaba ya umarce ni in yi bayani a kan abin da ya ɓoye ni tun da na yi ritaya, domin wasu daga cikinku sun kai ƙarata cewa ba a ganina wurin ɗaurin aure sai an aika mini sau biyu. To, abin da ya ɓoye ni kan jirgin ƙasa ne, ƙarami, wanda na fara ƙerawa a 2012, na kuma hura masa wuta ta farko a 2021. Tsawonsa har da taragon kwal ƙafa 5 ne da 'yan inci, mutum biyu ke ɗaukarsa, kuma yana jan manya uku a bayansa. Wani abokin wasana ya ce ashe har yanzu ban bar yin motar kara ba. Na yarda akwai dangantaka, sai dai motar kara ba ta taɓa ƙona mai ita ba.

Yawancinmu a jirgin ƙasa muka fara zuwa makarantar nan, da waranti a aljihu da akwatin ƙarfe a ka. Ko da yake injinan dizal sun fara shigowa tun 1955, a zamaninmu masu kwal ba su ƙare ba. Wanda ya leƙa taga ya san yadda garwashi ke faɗawa ido. Kan jirgin da na kwaikwaya yana cikin irin waɗanda kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa reluwe ta Nijeriya daga 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen kogunan ƙasar nan. Tsarin ƙafafunsa 2-8-2 ne, wato ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu jan kaya a tsakiya, sannan biyu a baya da ke tallafe da murhu. Zanensa kuwa a hannun wani dattijo na same shi, tsohon fita a loko ta Zariya, wanda ya adana takardar a ƙarƙashin katifa shekara da shekaru.

Wannan sana'a a Ingila ta yi ƙarfi. Tun 1898 Percival Marshall ya kafa mujallar Model Engineer domin masu irin wannan aiki. Babban gwaninsu shi ne wani mai suna Lawrence, wanda ke sa hannu a rubuce-rubucensa da haruffan LBSC, ya rasu a 1967 bayan ya tsara ƙananan jirage sama da 100. A zamaninsa masana sun tafi a kan cewa ɗan ƙaramin jirgi ba ya iya cin kwal, sai dai a kunna masa fitilar sifirit a ƙarƙashi. Shi kuwa ya ƙera wani mai tafiya a kan dogo mai faɗin inci 2½, ya zuba masa kwal, ya hau bayansa ya ja shi a gaban jama'a, har aka yi gasa a kan maganar a Landan a 1924. Sunan wannan jirgi Ayesha. Duk wanda ya kama wannan aiki a bayansa, har da ni, tafarkinsa ya bi.

Abu na farko shi ne lissafi, kuma a nan mun yi sa'a. Tsohon layin dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, wato inci 42. Ɗaya daga cikin dogayen da masu wannan sana'a suka saba amfani da su faɗinsa inci 3½ ne. In ka raba 42 da 3½ za ka sami 12 cif. Ke nan kowace ƙafa ɗaya a jikin babban jirgi inci ɗaya ce a jikin nawa.

Sai dai fa, jama'a, ƙarfe ne kaɗai ke yarda a rage shi. Ruwa da wuta da tururi ba su san an rage komai ba, kuma a nan wahalar aikin take. In ka rage tsawo sau 12, faɗin fili ya ragu sau 144, cikin abu kuwa ya ragu sau 1,728. Malaminmu na lissafi yana zaune a nan, shi ne shaidata. Ma'anar wannan ita ce, ƙaramar tukunya tana da fata mai yawa a kan ɗan ruwan da ke cikinta, don haka tana saurin hucewa, kamar yadda shayi a kofi ke riga na cikin buta yin sanyi. Babban jirgi yana da bututun wuta fiye da 100 a cikin tukunyarsa. Da zan rage su duka bisa ƙa'ida, da kowane ya zama kamar tsinken tsintsiya, toka ta toshe shi kafin a je ko'ina. Saboda haka 'yan kaɗan na sa, masu faɗi. Hatta usur, in aka yi shi daidai ma'auni, ƙarar da zai yi ba ta fi kukan ɓera ba. Na ƙera babba na ɓoye shi a ƙarƙashi, na bar ƙaramin a sama don ado.

Firam ɗin da ke ɗauke da komai da zarto da magagari na yanke shi daga farantin ƙarfe, gefe biyu a haɗe domin ramukansu su yi daidai. Ƙafafu kuwa zubi ne. Na sassaƙa samfurinsu da katako, na ɗan ƙara musu girma, domin baƙin ƙarfe in ya huce yakan tsuke da kashi ɗaya cikin takwas na inci a kowace ƙafa. Na kai wa wasu masu zubi a Panteka ta Kaduna, suka danna samfurin a cikin yashi kamar yadda ake zubin tukunyar alminiyam. Da na koma da su gida sai na ɗora kowace a kan injin gurzar ƙarfe, wani tsohon Myford da na saya a gwanjo, na yi ta gurza har takwas ɗin suka zama girma ɗaya.

Inda aikin ya fi cin rai shi ne ɗaura ƙafafun a kan sandunansu. Fistan na dama da na hagu ba sa tafiya tare. An raba tsakaninsu da rubu'in zagaye, digiri 90, domin lokacin da ɗaya ya kai ƙarshen tafiyarsa ba shi da ƙarfin turawa, ɗayan yana tsakiyar tasa. Ba don haka ba, da jirgi ya tsaya a wani wuri ya ƙi tashi. To, sanduna huɗu ne, kuma dogon ƙarfe guda ya haɗe ƙafafunsu ta kowane gefe. In ɗaya ta saɓa wa sauran da kaurin gashin kai, wato wajen kashi 3 cikin 1,000 na inci, sai ƙafafun su cije a kowane zagaye. Wata uku na yi a kan wannan kaɗai. Kullum ina tuna malaminmu na aikin ƙarfe, Allah ya ji ƙansa, wanda yakan ba yaro guntun ƙarfe ya ce ya goge shi da magagari har kusurwoyinsa su daidaita. In ka kawo masa ka ce ya kusa, sai ya ɗaga shi wajen haske, ya miƙo maka ba tare da ya ce uffan ba.

Yanzu sai tukunya, wadda ita ce ran jirgi, ita ce kuma mai iya kisa. Da jan ƙarfe na yi ta, kaurin kashi ɗaya cikin takwas na inci, aka liƙe gaɓoɓinta da narkakkiyar azurfa. Dalma ba ta wannan aiki, zafi zai sassauta ta. Haka kuma ba a sa farar tagulla inda ruwan zafi ke taɓawa, domin a hankali ruwan yakan cinye tutiyar da ke cikinta ta zama kamar ɓawon burodi. A nan wani maƙerin fari ya taimake ni, mutumin da bai taɓa shiga aji ba, amma da launin ƙarfe kawai yake sanin lokacin da azurfa za ta gudana.

Tukunyar tana aiki a kan matsin fam 80 a kowane murabba'in inci. A wannan matsi ruwa ba ya tafasa a digiri 100, sai ya kai wajen 162. Idan ta tsage, ruwan nan zai nemi komawa tururi nan take, shi kuwa tururi yana neman wurin da ya ninka na ruwa kamar sau 1,600. Shi ya sa ƙungiyoyin masu wannan sana'a a Ingila ba sa barin kowa ya hura wuta a filinsu sai da takardar gwaji. Ni ma ƙa'idarsu na bi. Ana cika tukunya da ruwan sanyi fal, a matsa shi da famfo har ninki biyu, fam 160, a zuba ido. Dalilin yin gwaji da ruwa shi ne ruwa ba ya matsuwa, in akwai rauni ɗigo kawai za a gani. Ranar da allurar geji ta tsaya cik a kan 160 ba ta motsa ba, uwargida ta ce ba ta ga na yi irin wannan fara'a ba tun ranar sunan ɗanmu na fari.

Wuta da gawayin ƙirya nake tayar da ita, irin na maƙera, jiƙe da kananzir, sannan in bi da kwal da na farfasa kamar girman gyaɗa. Ruwan sama nake tarawa, saboda na rijiya mai zartsi yana barin farin ɓawo a jikin bututu. In jirgi ya fara tafiya, tururin da ya gama aiki a silinda yakan fita ta bututun hayaƙi ya zuƙo iska ta cikin murhu, ta yadda ƙaruwar nauyin kaya ita ke ƙara hura wutar. Wannan dabara tana jikin jirgin Rocket na Stephenson tun 1829, kuma ita ce ƙarar nan ta cuku-cuku da muke ji daga nesa muna yara. Murhun bai fi tafin hannu ba, shebur ɗin kuwa kamar cokalin shayi. Direba shi ne fayaman, ido ɗaya a kan gilashin ruwa, domin in ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu, tukunya ta lalace ke nan.

Malam Shugaba, ga buƙatata. Da safen nan na zagaya ɗakin sana'a na makarantarmu, na leƙa ta taga. Injinan gurza guda biyu da muka koyi aiki a kansu suna nan, tsatsa ta hau su, an tara karyayyun kujeru a kai. Na duba da kyau, gadonsu bai lalace ba. Abin da suke nema shi ne bel, da mota, da mai, da wanda zai tsaya a kansu. Dattijon da ya ba ni zane ya rasu kafin jirgin ya tashi, maƙerin da ya liƙe mini tukunya kuwa idonsa ya yi rauni, ni ma yanzu sai da tabarau biyu nake karanta ma'auni.

Ina roƙon ƙungiya ta nemi izinin hukumar makaranta, ta ɗauki nauyin gyara rufin ɗakin da jawo masa wuta. Ni kuma na ɗauki alkawarin gyara injinan da hannuna, in kawo nawa in haɗa, in riƙa zuwa Asabar biyu a kowane wata. Yara shida sun isa a fara da su, maza da mata. Zangon farko magagari kawai za su riƙe. A zango na biyu kowa zai ƙera ɗan inji mai silinda ɗaya, wanda za a fara gwadawa da famfon keke kafin a kusanci wuta. Na rubuta jerin kayan da ake buƙata da farashinsu, yana hannun Sakatare, ina fata a duba shi kafin a tashi daga taron yau.